Makarantar Michael Jordan Ce Ko Ta Myron Cohen? Yadda Jaridun Amurka Ke Ba Mu Labarin Jami'o'i

Yau ina so mu ɗan tattauna a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda kafafen watsa labarai na ƙasar nan ta Amurka suke ba mu labarin jami'o'in da muke tura 'ya'yanmu.

Abin da ya tayar da maganar kuwa shi ne wani taron suna da muka yi kwanan baya a nan birnin Raleigh na jihar Karolina ta Arewa, inda nake zaune da iyalina sama da shekara 20. Muna cikin cin tuwo sai wani ɗan uwa ya yi mana albishir cewa 'yarsa ta samu gurbin karatu a Jami'ar Karolina ta Arewa da ke garin Chapel Hill, wadda aka fi sani da UNC, kuma fannin kiwon lafiyar al'umma take son ta karanta. Kafin ya rufe baki sai wani matashi ya ce, "Kai Alhaji, ai makarantar Michael Jordan ke nan!" Wani dattijo da ke gefena kuma ya sunkuyo ya ce mini a hankali, "Malam, ba ita ce wadda aka kama da kwasa-kwasan bogi a sashen Afirka ba?" Dukkansu biyu gaskiya suka faɗa. Amma a cikin duk jama'ar da ta cika falon nan babu wanda ya ambaci cewa daga wannan jami'ar aka jagoranci binciken da ya sauya yadda ake ba masu cutar ƙanjamau magani a duniya baki ɗaya, har da asibitocin Kano da Maradi da Kumasi. Ba kuwa laifinsu ba ne, abin da kunne ya ji shi baki ke maimaitawa.

Na zaɓi UNC ne saboda ita ce a kusa da ni, kuma a gaban idona abubuwan da zan ambata suka faru. Amma duk wanda ke zaune kusa da wata babbar jami'a a ƙasar nan zai ga irin wannan a tasa.

Labarai biyu a shekara ɗaya

A ranar 12 ga watan Mayu 2011 aka bayyana sakamakon wani bincike mai suna HPTN 052, wanda Farfesa Myron Cohen na sashen likitanci na UNC ya jagoranta. An ɗauki ma'aurata 1,763 a ƙasashe 9, cikinsu har da Malawi da Kenya da Botswana da Zimbabwe da Afirka ta Kudu, waɗanda ɗayansu ke ɗauke da ƙwayar cutar HIV ɗayan kuma ba ya ɗauke da ita. Aka raba su gida biyu. Kashi na farko aka fara ba mai cutar magani nan take, kashi na biyu kuma aka bi tsarin wancan lokaci, wato a jira har sai garkuwar jikinsa ta yi rauni. A cikin mutum 28 da aka tabbatar daga abokin zamansu suka kamu da cutar, 27 suna cikin kashin da aka jinkirta wa magani, mutum 1 tak ne ya fito daga kashin da aka fara wa da wuri. Wato shan magani da wuri ya rage yaɗa cutar da kashi 96 cikin 100. An shirya binciken ya kai har 2015, amma da kwamitin da ke sa ido ya ga wannan sakamako sai ya ce ba daidai ba ne a ci gaba da riƙe shi. A ƙarshen shekarar mujallar Science ta zaɓe shi a matsayin binciken kimiyya mafi muhimmanci na 2011, kuma yana daga cikin manyan hujjojin da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 duk wanda aka samu da cutar a fara ba shi magani ba tare da jira ba. Idan mai karatu ya tuna cewa ƙididdigar da aka yi a Najeriya a 2018 ta nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da wannan cuta, zai gane cewa wannan ba labarin Turawa kaɗai ba ne.

To, a cikin wannan bazarar dai, watanni biyu kacal bayan wancan labari, sai ga wani ya kunno kai daga jami'ar. Wani ɗan wasan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka da aka dakatar ya kai ƙara kotu, ya haɗa da wata muƙala da ya rubuta a darasin harshen Suwahili. Magoya bayan jami'ar NC State, abokan hamayyar UNC, suka bi muƙalar layi bayan layi suka gano cewa kwafo yawancinta aka yi, kuma babu malamin da ya lura. Daga nan wani ɗan jarida mai suna Dan Kane na jaridar News & Observer ta nan Raleigh ya kama bakin zaren ya yi ta ja. Abin da ya fito shi ne, a Sashen Nazarin Afirka da Baƙaƙen Fatar Amurka akwai kwasa-kwasan da ba a shiga aji, ba a lacca, ba a ganin malami. Ɗalibi zai miƙa muƙala ɗaya a ƙarshen zango, ma'aikaciyar ofishin sashen, wadda ba malama ba ce, ta ba shi maki mai tsoka.

A watan Oktoba 2014 wani tsohon mai gabatar da ƙara na gwamnatin tarayya, Kenneth Wainstein, wanda jami'ar ta ɗauka ya yi bincike, ya fitar da rahotonsa. Ya ce an shekara 18 ana wannan abu, daga 1993 zuwa 2011, ɗalibai kimanin 3,100 suka bi ta ciki, kusan rabinsu 'yan wasa ne, kuma masu ba 'yan wasa shawara a kan karatu sun san da shi, su ne ma suke tura su don kada makinsu ya faɗi a hana su wasa. A cikin 'yan wasa 15 da suka ci kofin ƙwallon kwando na ƙasa a 2005, guda 10 a wannan sashen suke karatu. Shugaban sashen, Farfesa Julius Nyang'oro, ya sauka daga kujerarsa a 2011, an gurfanar da shi a 2013, daga baya aka janye tuhumar bayan ya ba masu bincike haɗin kai. Hukumar da ke tantance ingancin jami'o'in kudancin Amurka ta sa UNC a ƙarƙashin sa ido na shekara ɗaya a 2015. Ita kuwa hukumar wasannin jami'o'i, wato NCAA, a ranar 13 ga Oktoba 2017 ta ce ba za ta hukunta jami'ar ba, hujjarta kuwa ita ce ba 'yan wasa kaɗai suka amfana da kwasa-kwasan ba, an bar kowane ɗalibi ya shiga. A daren wannan rana aka ɗaga tutar kofin da jami'ar ta ci a watan Afrilu na shekarar a zauren wasanta, jama'a suna ta shewa.

Kada in yi wa 'yan jarida ƙarya, an ba da labarin binciken Cohen, manyan jaridu da BBC duk sun ɗauka. Sai dai kwana biyu zuwa uku aka yi ana maganarsa ya koma cikin mujallun likitoci. Ɗaya labarin kuwa shekara 6 aka yi ana tafka shi, a jarida da rediyo da talabijin, har ya kai ga kunnen dattijon nan da ke gefena, wanda ban taɓa ganinsa yana kallon wasa ba.

Me ya sa gangar wasanni ta fi amo?

'Yan uwa da ke Gana ko Saudiyya ko Ingila za su yi mamakin wannan, domin a wurarenmu wasannin jami'a abin nishaɗin ɗalibai ne. A Najeriya sau da yawa akan yi gasar NUGA a gama ba ka ji a rediyo ba. A nan Amurka kuwa kasuwa ce babba. A 2010 gidajen talabijin na CBS da Turner suka ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 10.8 da hukumar NCAA don su nuna gasar ƙwallon kwando ta maza ta watan Maris har tsawon shekara 14, a 2016 kuma aka ƙara dala biliyan 8.8 aka tsawaita ta zuwa 2032. Wasan ƙarshe na 2017 da UNC ta doke Gonzaga, kimanin mutum miliyan 23 ne suka kalle shi. Zauren wasan jami'ar kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 21,000. Duk inda ido miliyan 23 suka taru a nan masu talla suke, inda masu talla suke kuma a nan edita zai tura ma'aikatansa.

Su ma jami'o'in ba a son ransu aka yi shiru ba. A 2009 wasu masana tattalin arziki biyu, Devin Pope da Jaren Pope, sun wallafa bincike da ya nuna cewa idan jami'a ta yi fice a ƙwallon kwando ko ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, masu neman shiga cikinta sukan ƙaru da kashi 2 zuwa 8 cikin 100. Mu kanmu shaida ne, domin da yawa daga cikin waɗanda suka taso a Najeriya ta dalilin Hakeem Olajuwon suka fara jin sunan Jami'ar Houston, kamar yadda duniya ta ji sunan UNC ta dalilin ƙwallon da Jordan ya jefa a wasan ƙarshe na 1982.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, idan aka zo maganar kuɗin da ke shiga jami'ar, wasanni ƙaramin alhaki ne. Tun daga 2020 kuɗin bincike da malaman UNC ke samowa daga waje ya haura dala biliyan 1 a shekara, alhali kasafin sashen wasanni gaba ɗayansa har zuwa 2024 bai kai dala miliyan 200 ba. Wanda ke bin talabijin kawai zai rantse cewa akasin haka ne.

Inda gizo ke saƙa

Da zan tsaya a nan, da sai mai karatu ya ce ai korafin da aka saba ji ne, wato an bar ilimi an kama wasa. To amma ni ba wannan ne ya fi damuna ba. Idan aka duba da kyau za a ga cewa yawan idon da ke kan wasanni shi ne ya tona asirin kwasa-kwasan bogin nan. Da a ce 'yan sashen lissafi ne kawai suke bi ta ciki, wa zai zauna ya bi muƙalar ɗalibi layi bayan layi? Abokan hamayya ne suka fara gano abin, jarida ta shiga kotu don a ba ta takardun jami'a, aka yi ta matsa lamba har shugaban jami'ar na lokacin, Holden Thorp, ya bar kujerarsa a 2013. Sannan a lura da wani abu, shi Dan Kane ba wakilin wasanni ba ne, daga teburin binciken ƙwaƙwaf ya fito. Wakilin wasanni kullum yana buƙatar koci ya ɗauki wayarsa, yana buƙatar a bar shi ya shiga ɗakin 'yan wasa, don haka da wuya ya sari reshen da yake zaune a kai. Haka nan gidan talabijin na ESPN, wanda ke ba da labarin waɗannan jami'o'i, shi ne kuma yake da kwangilar nuna wasannin rukunin ACC da UNC ke ciki har zuwa 2036. Duk da haka a yaba musu, a 2014 sun sa tsohon ɗan wasan jami'ar Rashad McCants a gaban kyamara ya ce wasu ne suke rubuta masa muƙaloli, zargin da kocinsa Roy Williams ya musanta.

Shi kuwa labarin bincike, wa ke yi masa irin wannan tankaɗe da rairaya? Kusan babu. Yadda abin ke tafiya shi ne, kowace babbar jami'a tana da ofishin hulɗa da manema labarai. Idan malami zai wallafa bincike, sai ofishin ya rubuta takardar sanarwa da Turanci mai sauƙi, a tura wa 'yan jarida kwanaki kaɗan kafin ranar bisa sharaɗin ba za su buga ba sai lokacin da aka tsayar. Ɗan jaridar da ke da labarai biyar a gabansa, wanda kuma bai karanci kimiyya ba, sai ya ɗauki takardar ya sauya kalma biyu ya sa sunansa. A 1989 jaridun Amurka 95 ne ke da shafin kimiyya na mako-mako, zuwa 2012 sun koma 19. A watan Disamba 2008 gidan talabijin na CNN ya rushe sashensa na kimiyya da fasaha ɗungurungum.

Sakamakon haka ya fito fili a wani bincike da malaman Jami'ar Cardiff ta Birtaniya suka wallafa a mujallar likitoci ta BMJ a 2014. Sun duba takardun sanarwa 462 da manyan jami'o'in Birtaniya 20 suka fitar a 2011 a kan kiwon lafiya, suka kwatanta su da ainihin binciken da kuma abin da jaridu suka buga. Suka samu kashi 40 cikin 100 na takardun sun ƙara gishiri wajen shawarar da suka ba jama'a, kashi 33 sun ce abu kaza ne ke haddasa kaza alhali binciken alaƙa kawai ya gani tsakaninsu, kashi 36 kuma sun yi magana kamar a kan mutane aka yi gwaji alhali a kan dabbobi aka yi. Inda takardar jami'a ta mayar da gwajin dabba na mutum, kashi 86 na labaran jarida sun bi sahu, inda ba ta yi haka ba kashi 10 ne kawai. Wato gishirin da muke zargin 'yan jarida da shi, sau da yawa daga cikin jami'a aka zubo shi. A Birtaniya aka yi wannan ƙididdiga, amma tsarin iri ɗaya ne da na nan.

Saboda haka labarin bincike yakan zo mana ne ta ɗayan hanya biyu, ko dai ya zo da ƙarin gishiri irin na "an gano maganin kansa", wanda ake ta turawa a WhatsApp, ko kuma ya wuce shiru. Alal misali, UNC tana da cibiya a birnin Lilongwe na Malawi, wadda tana cikin wurare 11 a ƙasashen Afirka 7 da aka gwada allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta RTS,S. Wannan allura ce aka fara yi wa yara a Malawi da Gana da Kenya a 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2021, Kamaru kuma ta sa ta cikin rigakafin yau da kullum a watan Janairu 2024. Mu nawa ne a nan Karolina muka san cewa maƙwabtanmu suna da hannu a cikin wannan aiki? Ko a watan Oktoba 2015 da Farfesa Aziz Sancar na UNC, ɗan wani ƙaramin gari a kudu maso gabashin Turkiyya wanda iyayensa ba su yi makaranta ba, ya samu kyautar Nobel a kan yadda jiki ke gyara ƙwayoyin halittarsa idan sun lalace, na lura wasu rahotanni sun fi jin daɗin cewa tare da wani malamin Jami'ar Duke ya samu kyautar, wato manyan abokan hamayyar UNC a ƙwallon kwando. Sai da aka ratsa ta filin wasa kafin a kai ga ɗakin gwaji.

Su wane ne masana?

Hanya ta uku da sunan jami'a ke shiga labarai ita ce ta bakin malamanta. Idan wani abu ya faru, ɗan jarida yana buƙatar wanda zai yi sharhi kafin ƙarfe biyar na yamma, ofishin jami'a kuma yana da jerin sunayen malamai da lambobinsu a shirye. Wanda ya ɗauki waya, ya kuma iya dunƙule magana cikin daƙiƙa 20, shi ne za a gani a talabijin, gobe ma shi za a sake kira. Wannan ba ya nufin bai san abin da yake faɗa ba, amma ba lallai ne ya zama shi ya fi kowa sani ba.

Annobar korona ta nuna mana fuskoki biyu na wannan al'amari a UNC. Farfesa Ralph Baric ya yi shekaru fiye da 30 yana nazarin wannan dangi na ƙwayoyin cuta ba tare da mutanen gari sun san sunansa ba, kuma a ɗakin gwajinsa aka gwada maganin remdesivir tun kafin annobar. Da 2020 ta zo sai ya zama abin nema. Ba a jima ba kuma sunansa ya faɗa cikin taƙaddamar asalin cutar, saboda wata muƙala da ya wallafa a 2015 tare da wata masaniya ta cibiyar bincike ta Wuhan, har sai da ya amsa tambayoyin kwamitin majalisar wakilai a 2024. Mutum ɗaya, aiki ɗaya, amma hoton da za ka samu nasa ya danganta da tashar da ka kunna. A ɗaya gefen kuma ga Zeynep Tufekci, wadda a lokacin take koyarwa a UNC, masaniyar zamantakewa ce ba likita ba. A watan Maris 2020 ta rubuta a jaridar New York Times cewa kuskure ne hukumomi su ce wa jama'a ba sa buƙatar takunkumi, kuma a farkon Afrilu hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sauya matsayinta. Ke nan ba kowane wanda ya yi magana a wajen fanninsa ne ya ɓata ba, abin dubawa shi ne hujjar da ya kawo.

Inda wannan ya shafe mu kai tsaye shi ne ranar da labarin ya zama namu. Lokacin da aka sace 'yan matan Chibok a 2014, ko ranar da sojoji suka kifar da gwamnati a Nijar a watan Yuli 2023, duk mun zauna gaban talabijin mun ga an gabatar da wani a matsayin masanin Afirka, wani lokaci ka ji ya san ƙasar ciki da waje, wani lokaci kuma ka ji ko sunan garin bai iya faɗa ba. Amurka tana da malaman da suka san mu sosai, irin su Paul Newman na Jami'ar Indiana da ya wallafa babban littafin nahawun Hausa a 2000, da John Paden da ya rubuta tarihin Sardauna a 1986. Irin waɗannan daga fannin nazarin Afirka da harsunanta suke fitowa. To shi ya sa abin da ya faru a UNC ya yi mini ciwo. Rahoton Wainstein a kan mutum biyu na sashen ya ɗora mafi yawan alhaki, tare da masu tura 'yan wasan, amma a bakin mutanen gari sai ya koma kamar karatun Afirka da na Suwahili duk wasan yara ne. A 2013 aka sauya wa sashen suna, malaman da suka yi aikinsu tsakani da Allah da ɗaliban da suka karanta da gaske suka ci gaba da amsa tambaya a kan laifin da ba nasu ba. Su kuma yaran da aka ba makin banza, akasarinsu baƙaƙen fata, an ci moriyar ƙarfinsu an sallame su da takardar da babu ilimi a bayanta.

Halin da ake ciki yanzu

Abubuwa sun sauya tun daga wancan lokaci, amma ba ta hanyar da za ta rage amon gangar ba. Tun daga watan Yuli 2021 aka halatta wa 'yan wasan jami'a su karɓi kuɗin talla da sunansu, a watan Yuni 2025 kuma kotu ta amince da wata yarjejeniya da ta ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. A watan Disamba 2024 UNC ta ɗauki Bill Belichick, kocin da ya ci kofin ƙwararru sau 6 da ƙungiyar New England Patriots, a kan albashin dala miliyan 10 a shekara. 'Yan jarida suka yi dafifi a Chapel Hill suna bin diddiginsa har cikin rayuwarsa ta gida, a kakar 2025 kuwa wasa 4 ya ci aka cinye shi 8. A cikin wannan tsakani, a watan Fabrairu 2025, hukumar NIH da ke ba da mafi yawan kuɗin binciken lafiya ta sanar da cewa za ta rage kuɗin ɗawainiya da take ƙara wa jami'o'i a kan kowane tallafi, wato na gini da wuta da ma'aikata, zuwa kashi 15 cikin 100, alhali manyan jami'o'i sama da kashi 50 suke karɓa. Kotu ta dakatar da matakin. Mai karatu ya tambayi maƙwabcinsa wanne ya ji a cikin labaran nan biyu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne halin da jaridun gari suke ciki. Kamfanin McClatchy, mai jaridar News & Observer, ya shelanta karyewar jari a watan Fabrairu 2020. Wata malama a sashen aikin jarida na ita UNC ɗin, Penelope Abernathy, ta ƙididdige a 2020 cewa jaridu kimanin 2,100 ne suka mutu a Amurka tun daga 2004, wato kashi ɗaya cikin huɗu. Idan babu jaridar da za ta iya biyan ɗan jarida ɗaya albashi ya shekara 6 yana bin labari ɗaya, to abin da zai rage mana shi ne abin da jami'a ta ga dama ta faɗa a kan kanta, da abin da mai kwangilar nuna wasa ya ga dama ya nuna.

Shawara ga iyaye

To jama'a, tunda haka abin yake, sai mu koyi karanta labarin jami'a da idonmu a buɗe. Idan ɗanka zai zaɓi makaranta, ka bar maganar tuta da kofi, ka tambayi sashen da zai shiga, su wane ne malaman, me suka wallafa, ɗalibai nawa ke kammalawa. Ma'aikatar ilimi ta Amurka tana da shafi mai suna College Scorecard inda za ka ga kuɗin makaranta da yawan masu kammalawa da abin da suke samu bayan sun fita. Idan Allah Ya hore wa yaronka tsawo da ƙarfi har aka ba shi tallafin karatu ta hanyar wasa, ka yi murna, amma kowane zango ka ce ya nuna maka jerin kwasa-kwasansa, ka tambaye shi wa ya zaɓa masa, ana shiga aji ko ba a shiga, ya taɓa ganin malamin ko bai taɓa ba. Ita kanta hukumar NCAA ta ce waɗanda ke kaiwa ga wasan ƙwararru ba su kai kashi 2 cikin 100 ba, sauran duk da takardarsu za su nemi abinci.

Idan kuma aka turo maka labarin an gano maganin wata cuta a jami'a kaza, kafin ka tura wa 'yan uwa a gida ka duba, a kan ɓeraye aka gwada ko a kan mutane, mutum nawa, a wace mujalla aka wallafa, wa ya biya kuɗin. Wanda aka gabatar a matsayin masani a kan ƙasarmu kuma, ka nemi sanin ko ya taɓa zama a can, ko yana jin harshen mutanen da yake magana a kansu.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan wannan ƙungiya tamu. A cikinmu akwai likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a da ɗalibai masu neman digiri na uku, waɗanda ko mu da muke sallar Idi tare da su ba mu san a kan me suke bincike ba. Me zai hana kowannensu ya rubuto mana shafi ɗaya da Hausa ya bayyana aikinsa, da abin da ya gano, da abin da bai kai ga ganowa ba tukuna? Babu gidan talabijin da zai yi mana wannan.

Shi kuwa Alhaji uban yarinyar, da za mu rabu a bakin mota na ba shi labarin Cohen da cibiyar Lilongwe, ya yi shiru sannan ya ce, "Ashe haka ne Malam? To wannan zan faɗa wa kakanta a waya, don shi ma Jordan ɗin ya sani." Allah Ya ba ta sa'ar karatu, Ya albarkaci zuriyarmu baki ɗaya, amin.